Dami, Rumbu da Turmi: Ƙarancin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Wajen Kwance Manyan Fayilolin Ajiya a Konni, Malbaza da Illela

Tsakure

Maƙalar nan ta duba abin da ke faruwa idan aka zo kwance babban fayil na ajiyar ko-ta-kwana da aka matse, irin ZIP, RAR, 7z, xz ko zstd, sai kwamfuta ta tsaya ta ce ƙwaƙwalwarta ba ta isa ba. Fagen nazarin shi ne gundumomin Birnin Konni, Malbaza da Illela a jihar Tawa, inda aka saba ɗaure bayanai a na'ura mai ƙarfi a zo kwance su a mai rauni. Ta bi yadda kowane tsarin matsewa ke aiki, ta nuna cewa yawan ƙwaƙwalwar da kwancewa za ta ci tun ranar ɗauri ake yanke shi, kuma sau da yawa mai ɗaurin bai san ya yanke ba. Ta kuma rarrabe wannan matsala da wasu masu zuwa da irin saƙonta alhali maganinsu daban.

1. Gabatarwa



Zan fara da abin da ya jefa ni cikin batun. Wata ranar bazara wani mai shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki a Konni ya aiko a kira ni, diskin kwamfutarsa ya mutu. Hankalinsa bai tashi sosai ba, domin ƙanensa da ke karatu a Yamai ya taɓa zuwa hutu ya tattara masa aikin shekaru, ya matse a fayil guda na 7z, ya zuba a diskin waje. Fayil ɗin na nan lafiya lau. In an buɗe shi, sunayen hotunan na jeruwa reras. Amma da an ce a fito da su, sai manhajar ta yi ɗan jim ta ce ba ta samu ƙwaƙwalwar da take buƙata ba.

"Malam," in ji shi, "wace memori kuma take nema? Sabon diskin nan tera guda ne, ko kwata ban cika ba." Kafin zuwana har ya sayo katin memori na giga 64 ya soka, bai ga canji ba.

Kwamfutar ƙanen tana da RAM na gigabait 16. A wurin matsewa ya ga wani zaɓi da ake kira girman ƙamus, ya ɗauki gigabait 1, domin a ganinsa babba ya fi. Ta shagon kuwa RAM ɗinta gigabait 2 ne, tana ɗauke da Windows 7 mai bit 32. Tun ranar da yaron ya danna maɓallin nan aka rufe wa yayansa ƙofa, sai dai ba wanda ya sani sai da ranar wanka ta zo.

Wannan ba labarin shago ɗaya ba ne, tsarin yankin ne ke haifar da shi. Konni na kan hanyar ƙasa ta ɗaya, fiye da kilomita 400 daga Yamai, ƙasa da 100 daga Sakkwato, tana kallon Illela ta Najeriya a tsallaken iyaka. Illelar da nake magana a kanta a nan ita ce ta jihar Tawa, mai haɗe da Badagishiri da Taja'e. Masu riƙe da bayanai a waɗannan gundumomi uku suna da yawa: ma'aikatun magajin gari da rajistar haihuwa, cibiyoyin lafiya, makarantu, ƙungiyoyin manoman albasa na Galmi da Dogarawa, ƙungiyoyin noman rani na filin ban-ruwan Konni, ga masu tura fim da wa'azi a kasuwa. Galibin kwamfutocin da nake cin karo da su a irin waɗannan wurare na hannu ne, sun yi zamaninsu a wata ƙasa kafin su iso. Wanda ke ɗaure bayanan kuma galibi baƙo ne: injiniyan wani shiri da ya zo daga Yamai da sabuwar kwamfuta, ko ɗalibi mai hutu. Yana gamawa ya kama hanya.

2. Kalmomi kafin hujja

Tambayar mai shagon nan tana da tushe a harshe. A bakin jama'a memori katin waya ne, wato wurin ajiya. Windows na ofisoshinmu da Faransanci yake magana, shi ma kalma ɗaya, mémoire, yake jefa wa mutum, ita ce kuma ke jikin carte mémoire. To wanda aka ce wa memori ba ta isa ba, me zai yi in ba ya sayo kati ba?

Domin mu fahimci juna, zan ari kayan gona. Diski, ko kati, ko filashi, shi ne rumbu: wurin da hatsi ke kwana. RAM, ƙwaƙwalwar aiki, ita ce turmi: ba a ajiya a cikinsa, amma duk abin da za a sarrafa sai ya bi ta ciki, kuma da an ɗauke wuta ya koma wayam. Fayil ɗin da aka tattara aka matse shi ne dami. Mai shagon ya ƙara rumbu ne alhali turmi ake kuka da shi.

Amfanin misalin ya wuce sauƙaƙe magana. Macen da za ta sussuke dami ɗari ba ta neman turmin da zai ci dami ɗari. Kaɗan-kaɗan take zubawa, ta sussuke, ta kwashe, ta ƙara. Haka manhaja mai hankali ke kwance fayil na gigabait 40 a kwamfuta mai RAM na gigabait 2: tana karantowa daga diski tana rubutawa a diski, abin da ke cikin turmi a kowane lokaci ɗan kaɗan ne. In haka ne, me ya sa wani damin ke ƙin shiga?

3. Taga, ko ƙamus

Kusan duk tsare-tsaren da muke amfani da su jikokin dabara ɗaya ne, wadda Abraham Lempel da Jacob Ziv suka wallafa a 1977. A ɗauki rajistar haihuwa ta Malbaza da aka buga a kwamfuta. Kowane shafi na farawa da layi iri ɗaya: République du Niger, Région de Tahoua, Département de Malbaza. Manhajar matsewa za ta rubuta layin sau ɗaya. In ya sake zuwa, sai ta sa ƴar alama mai cewa a koma baya haruffa kaza a kwafo kaza. Da haka shafi dubu ke ƙanƙancewa.

Abin lura yana wajen mai kwancewa. Don ya iya komawa baya ya kwafo, dole abin da ya riga ya fitar ya kasance a hannunsa, cikin RAM, har iyakar nisan da alama za ta iya tura shi. Wannan nisa ake kira taga, a 7-Zip da WinRAR kuma ƙamus. Mai ɗauri ke zaɓen girmansa, a rubuta shi a goshin damin, mai kwancewa ba shi da ta cewa.

Tsofaffin tsare-tsare ƙaramar taga suke da ita, domin an haife su a zamanin ƙarancin ƙwaƙwalwa. ZIP, wanda Phil Katz ya fito da shi a 1989, da gzip na Jean-loup Gailly da Mark Adler na 1992, duka suna aiki da dabarar Deflate, mai taga ta kilobait 32 kacal. Don haka fayil na tar.gz ko ya kai gigabait 500, kwamfutar da ta shekara ashirin za ta kwance shi, sai dai ta yi jinkiri. Shi kuma bzip2 na Julian Seward, na 1996, gunduwa-gunduwa yake aiki, mafi girma kilobait 900, kwancewarsa ba ta cin megabait 4.

Da LZMA na Igor Pavlov, wanda ya fara fitar da 7-Zip a 1999, aka sake lale. Taga ta zama abin da mutum zai ja yadda yake so. Littafin jagorar xz, wadda ita ma a kan LZMA take, ya ba da alƙaluma ƙarara. A mataki na 6, wanda shi ne na yau da kullum, ƙamus megabait 8 ne, matsewa na cin 94, kwancewa na cin 9. A mataki na 9 ƙamus 64 ne, matsewa na cin 674, kwancewa 65. Ƙa'idar ta fito fili: kwancewa na neman kwatankwacin girman ƙamus, matsewa na neman ninkinsa kusan 11. Kwamfutar ɗalibin nan mai gigabait 16 ta iya ɗaukar nauyin ƙamus na gigabait 1 daidai wa daida, shi ya sa ba ta yi masa gardama ba.

Silin ɗin kuma ƙara tashi yake yi. 7-Zip ya daɗe yana tsayawa a megabait 1536, a 2021 aka ɗaga zuwa 3840. A ƙarshen 2024 aka ƙara girman ƙamus na matakin ƙoli daga megabait 64 zuwa 256 a kwamfutoci masu bit 64, ma'ana ko mutum bai taɓa komai ba, sabon dami ya fi tsoho neman turmi. Tsarin RAR5 na 2013 ya zo da ƙamus har gigabait 1 a WinRAR 5. WinRAR 7, da ya fito a Fabrairun 2024, ya kai shi gigabait 64. Masu manhajar da kansu sun san haɗarin, shi ya sa take tambayar mutum kafin ta kwance damin da ƙamusunsa ya wuce gigabait 4.

A ganina zstd, wanda Yann Collet ya ƙirƙira kuma Facebook ya fitar a 2016, shi ya fi kowa ladabi a nan. In tagar dami ta wuce megabait 128, ƙin kwancewa yake yi, ya faɗi girman tagar da abin da za a rubuta a ba shi izini, ko --long=31 ko --memory. Mutane da dama na ganin wannan saƙo su ɗauka fayil ya lalace, alhali izini kawai ake nema. In kuwa tagar ta kai gigabait 2, izinin ba zai haifar da RAM ɗin da babu ba. Akwai kuma PPMd na Dmitry Shkarin, zaɓi a cikin 7-Zip da ya ƙware a matse rubutu. Shi babu ragi: abin da ya ci a matsewa shi zai ci a kwancewa.

Saura tambaya ɗaya game da shagon Konni. Ƙamus gigabait 1 ne, RAM gigabait 2, me ya hana? Bit 32 ne ya hana. A Windows mai bit 32 kowace manhaja gigabait 2 na adireshi ake yanka mata, kuma fili ne da aka riga aka yi wa gine-gine nan da can. Ƙamus kuwa fili ɗaya yake so a shimfiɗe, ba gutsi-gutsi ba, kuma samun gigabait 1 a jere cikin wannan fili abu ne mai wuya. Da mai shagon ya sayi RAM na gigabait 8 ya ƙara, da kuɗinsa ya tafi a banza: Windows mai bit 32 ba ya ganin abin da ya wuce uku da ɗoriya, rabon kowace manhaja kuma bai canja ba. Ina jaddada wannan ne domin shawarar farko da ake ba mutane a wurin gyara ita ce a ƙara RAM.

4. Bashi daga diski, da wutar da ba ta jira

Wani lokaci kwamfuta ba ta ƙi, kuma wannan ya fi muni. In RAM ya gaza, Windows da Linux kan ranto wuri daga diski su yi kamar RAM ne. Aiki na ci gaba, sai dai ɗauko abu daga diski mai juyawa na cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, wato jinkirin da ya ninka na RAM fiye da sau dubu goma. Ƙamus kuma abu ne da ake taɓawa ko'ina a kowane lokaci. Sai ka ga fitilar diski ta kama ba ƙiftawa, ƙiyasin lokacin da ya rage na hawa daga awa ɗaya zuwa kwana biyu. A Linux kuwa, in rancen ma ya ƙare, tsarin kan zaɓi manhajar da ta fi ci ya kashe ta ba sallama, abin da zai rage a allo kalma ɗaya ce, in an bincika lambar kuskuren kuma 137 ce.

A ƙasar da wuta ke tsayawa, kwana biyu haƙuri ne kawai. A nan magana ce daban. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse ta, aka yi watanni ana rabon kuran unguwa-unguwa, har CEDEAO ta ɗage takunkuminta a ranar 24 ga Fabrairun 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a Nuwamban 2018, tana tallafawa da rana, amma aikin kwana biyu ya haɗa da dare biyu. Ko a shekarar lumana, Afrilu da Mayu lokaci ne da zafi ke haura digiri 40, buƙatar wuta ta ƙaru, ɗaukewa ta yawaita. Batirin kwamfutar hannu kuwa yawanci shi ne abin da ya fara mutuwa a cikinta.

A nan ne wani zaɓi na ranar ɗauri ke tayar da kai. 7z, in ba a hana shi ba, yana narkar da fayiloli masu yawa su zama curi ɗaya kafin ya matse, domin hakan na ƙara ƙanƙantawa. RAR na da irin wannan zaɓi, tar.gz da tar.xz kuwa ɗabi'arsu ke nan. Sakamakon shi ne, in takardar haihuwar yaro ɗaya ake nema kuma tana ƙarshen curin, sai an kwance duk abin da ya gabace ta. In wuta ta ɗauke a awa ta tara, babu ci gaba daga inda aka tsaya, sai a koma farkon curin. ZIP kuwa kowane fayil da ɗaurinsa, ana iya zare guda a bar saura. Shi ma yana da lagonsa: jerin sunayensa a wutsiyar fayil yake, don haka in kwafin ya yanke kafin ƙarshe, manhajoji da yawa za su ce ba su san shi ba, sai an bi da kayan gyara.

5. Masu aron suna

Ba duk saƙon da ya ambaci memori ne ke nufin ƙamus ba, kuma a aikace waɗannan ƴan aron suna sun fi yawa.

Wanda na fi gani shi ne na C. Masu gyaranmu sun saba raba diski biyu: ƙaramin C don Windows, babban D don kaya. In mutum ya buɗe dami a WinRAR ko 7-Zip ya jawo fayil da linzami ya saki a D, manhajar ba kai tsaye take kaiwa ba. Sai ta fara zubewa a foldar wucin gadi da ke C, sannan a kwashe. Fayil na gigabait 30 ba zai shiga C mai sauran 12 ba, ko da D fanko ne. Kuma da C ta cika, wurin rancen da na ambata ba zai iya faɗaɗa ba, sai ƙarancin rumbu ya rikiɗe ya zama ƙarancin turmi na gaske. Maganin bai kai a biya kuɗi ba: a yi amfani da umarnin fitarwa na manhajar a nuna mata D, a daina ja da linzami. Masu Linux su ma su kula, domin a wasu rabe-rabensa, har da Debian 13 na 2025, foldar /tmp a cikin RAM take zaune.

Sai FAT32, tsarin da yawancin filashi da katunan da ba su wuce giga 32 ba ke zuwa da shi. Fayil guda a cikinsa ba ya kaiwa gigabait 4. Bidiyon biki mai tsawo zai tafi har ya kai wannan iyaka ya tsaya, a ce wuri bai isa ba, ga kuma wuri a fili. A mayar da filashin exFAT ko NTFS, bayan an kwashe abin da ke ciki. Tsohon ZIP ma na da irin wannan iyaka, gigabait 4 da fayiloli 65,535, wadda ZIP64 ya kawar tun 2001, amma har yau akwai tsofaffin manhajojin da ba su san shi ba.

Yawan fayiloli shi kansa yana cin RAM, ko ƙamus ƙarami ne. A jerin sunayen ZIP kowane fayil na da bait 46 ban da sunansa. In sunan da hanyarsa sun kai haruffa 100, fayil miliyan ɗaya ya ci megabait 146 tun a diski, kuma manhajar da za ta baje su a allo sai ta ninka wannan. Ofishin da ke ɗaukar hoton kowane shafi na rajista shekara da shekaru, ko wanda ya kwashe foldar WhatsApp ɗungurungum, zai iya kaiwa nan ba da saninsa ba.

Akwai laifin da namu ne, mu masu rubuta manhaja. Ɗalibi zai rubuta ƴar manhajar maido da ajiya da Python, ya kira read() a kan fayil, ya gwada da megabait 5, ta yi aiki. Umarnin nan kuwa fayil ɗin gaba ɗaya yake ɗorawa a RAM. Ranar da ya haɗu da kwafin ma'ajiyar bayanai na gigabait 6 sai ya faɗi. A PHP iyakar da ake tarar da ita megabait 128 ce, kuma abin da aka saba yi shi ne a ɗaga iyakar, maimakon a gyara manhajar ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Dami ba shi da laifi a nan, mai sussukar ce ta juye rumbu a turmi.

Na ƙarshe ya fi wuyar ganewa. In kwancewa na tsayawa da kuskuren CRC, a lura da inda take tsayawa. In kullum a fayil ɗaya ne, damin ne ya ji rauni. In yau a wannan gobe a wancan, to a zargi RAM ɗin kansa: zafi, ƙurar hunturu a bakin ramin da yake zaune, ko tsufa. Babban ƙamus na taka kowane lungu na RAM, har wuraren da aikin yau da kullum ba ya kaiwa, shi ya sa yake tona lahanin da ya daɗe a ɓoye. Memtest86+ kyauta ne, dare ɗaya ya isa ya ba da amsa. Na taɓa ganin an goge ajiya mai lafiya saboda an ɗauka ta lalace.

Zan ambaci damin mugunta a taƙaice, tunda fayiloli na yawo daga waya zuwa waya ba a san asalinsu ba. Sanannen 42.zip kilobait 42 ne, in an kwance shi duka ya kai petabait 4.5. A 2019 David Fifield ya nuna yadda megabait 10 ke zama terabait 281. A duba girman da dami ya ce zai kai kafin a saki manhaja a kansa.

6. Ranar ɗauri

Kafin a kashe ko dala a ranar kwancewa, a tambayi damin abin da yake so, domin a goshinsa yake rubuce. A 7-Zip akwai layin da ke nuna dabarar matsewa. LZMA2:24 na nufin ƙamus na megabait 16, 26 na nufin 64, 30 na nufin gigabait 1. Umarnin xz -lvv na faɗin ƙwaƙwalwar da ake buƙata, zstd -lv na faɗin girman taga. Minti ɗaya ya isa a san ko aron kwamfuta za a yi ko gyaran folda.

Aron ma yana da sharaɗi. Hoton biki a kai shi ko'ina. Rajistar haihuwa da bayanan marasa lafiya kuwa doka ta hau kansu: Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta da doka mai lamba 2022-59 ta Disamban 2022, ga hukumar HAPDP mai sa ido. Ɗaukar irin wannan diski zuwa rumfar gyara a kasuwa, balle a tsallaka da shi Sakkwato, yana nufin a kwance sirrin dubban mutane a kwamfutar da ba a san wa zai zauna gabanta gobe ba. A kawo kwamfutar aron ofis, a fitar da kayan a diskin ofis.

Amma hujjata ta fi karkata ga mai ɗauri. Ma'auninsa ya zama kwamfuta mafi rauni da za a iya tsintar kai da ita ranar da babbar ta mutu, domin ranar ce kaɗai ake buɗe ajiya. A yankinmu hakan na nufin ƙamus kada ya wuce megabait 32 ko 64, ko a tsaya a ZIP. Hotunan JPEG, bidiyon MP4 da sautin MP3 an riga an matse su tun daga kyamara, don haka a ɗaure su kawai ba matsi. A raba ajiya shekara-shekara ko wata-wata, kowane dami mai cin gashin kansa. Wannan ya sha bamban da yanka dami ɗaya gunduwa-gunduwa, irin masu lamba 001, 002 ko part1, part2. Yankan nan na tsallake iyakar FAT32, amma ƙamus na nan yadda yake, kuma ɓatan gunduwa ɗaya kan iya jawo asarar saura.

Na san abin da injiniyoyi za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Babbar taga na da ranarta. In ana ajiye kwafin ma'ajiyar bayanai na kowace rana, na yau da na jiya kusan abu ɗaya ne, taga mai faɗi za ta gano hakan ta rage girma ninki-ninki. Ga wanda zai tura kaya Yamai ta intanet, wannan kuɗi ne da lokaci: gigabait 40 a layi mai megabit 2 a daƙiƙa na cin awa 44 da ɗoriya. Amsata ita ce a bambanta damin tafiya da damin zama. Wanda za a tura wa babbar na'ura a matse shi iya matsewa. Wanda zai kwana a durowar Bazaga ko Tsarnawa a ɗaure shi daidai turmin wurin. Manhajoji irin Borg da restic, masu gano maimaici su ajiye shi sau ɗaya, suna magance wannan da kyau, sai dai su ma suna riƙe jerin gutsattsarinsu a RAM, jerin kuma na girma tare da ajiyar.

Ga masu ba da kwangila ina da roƙo ɗaya: kada a sa hannu a takardar karɓar aiki sai an maido da ajiyar a gaban ido, a kwamfutar ofishin, ta hannun ma'aikacin ofishin. A manna takarda a jikin diskin, a rubuta manhajar da aka yi aiki da ita, lambarta, girman ƙamus da wurin da kayan za su ci in an kwance, a kuma ajiye kwafin manhajar a gefen damin, ba a cikinsa ba. Ga malamanmu na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa kuma, zai yi kyau a riƙa ba ɗalibi tsohuwar kwamfuta mai gigabait 2 a ce ya maido da ajiyar da shi da kansa ya ɗaure, a ba shi maki a kan hakan.

Shi mai shagon Konni, wani malamin makaranta maƙwabcinsa ya ara mana kwamfuta mai bit 64 da RAM na gigabait 8. Muka jira dare ya yi sanyi, aka tayar da janareto, kafin asuba hotunan sun fito. Washegari muka sake ɗaure su shekara-shekara a ZIP ba matsi. Da muka gwada jimillar da tsohon damin, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ya kira ƙanen nasa a waya ya sa a lasifika. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wallahi na ɗauka wuri nake rage maka."